Tafin Hannun Kaka a Cikin Rumbu

Mu huɗu ne a gidanmu na Argungu: Kaka Umma, wadda ta haifi mahaifina, Inna Hajo, mahaifiyata, 'yar Augie, ni, da ƙanwata Balki. Mahaifina Mamman ya rasu da jirginsa ya kife a gulbi, shekarar da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bature. Ƙanensa, Baffa Ɗanjuma, yana zaune a bayan katangarmu, kuma tun ranar sadakar arba'in idonsa yake kan gonarmu ta fadama.

Inna ba ta sake aure ba, domin ta san in ta fita, mu za a riƙe. Sana'arta gumi: ta dafa shinkafar mutane da ƙaiƙayinta, ta shanya, ta surfe, a sallame ta da 'yar shinkafa. A bakin wutar gumin nan muke zama bayan magariba, Kaka bisa tabarma, Inna a tsugune tana iza itace, ta ba mu baya.

"Ku buɗe kunne, ta iso," in ji Kaka, in za ta fara tatsuniya.

"Ta sauka lahiya," mukan amsa.

A wancan rani tatsuniya ɗaya ta riƙa maimaitawa. Wani masunci ne ya tsinci kyakkyawar mata a bakin ruwa, ya aura, bai tambayi danginta ba. Ashe gafiya ce ta rikiɗe. Da mijin ya mutu sai ta zauna, tana ladabi, tana shara, asuba kuwa ta shiga rumbu ta kwashi hatsi ta kai wa 'yan'uwanta a rami. Tsohuwar gidan ta baje toka a ƙofar rumbun, da safe aka ga sawun farata.

"Kaka, mi aka yi mata?" Balki ta tambaya.

"Abin da aka yi ma gahiya, ɗiyata. Ko ba haka ba, Hajo?"

"Hakanan ne, Iya," in ji Inna, ba ta waiwayo ba.

Kaka tana da al'ada. Duk lokacin da ta auno mana abinci daga rumbu, takan daidaita saman shinkafar ta buga tafin hannunta, domin ta gane in an taɓa. Shinkafar nan noman mahaifina ne na ƙarshe, kuma takan yi alfahari da ita a gaban maƙwabta, tana cewa albarkar Mamman ba ta ƙarewa. Sau da yawa takan leƙa ta tarar tafin ya goge. Ta faɗa wa Baffa. Bayan haka ne tatsuniyar ta soma.

Baffa ya tara dattawan dangi a zaure, aka tambayi Inna ko tana shiga rumbu. Ta ce tana shiga. Aka tambaye ta dalili, ta dubi Kaka, ta sunkuyar da kai. Kafin mako ya zagayo ta koma Augie da ƙunshin kayanta, mu aka bar mu.

Rumbun ya nuna gindinsa tun ruwan farko bai sauka ba. Sai a lokacin wata maƙwabciya ta ce da Kaka: "Iya, ladan gumin Hajo duk nan ciki taka zuba shi. Noman Mamman ya ƙare tun bara. Ba ta so ki sani." Kaka ba ta sake yi mana tatsuniya ba. An aika a dawo da Inna, aka tarar zazzaɓin damina ya kwantar da ita, bai kuma tashe ta ba.

Yanzu na gama makarantar horon malamai, ina koyarwa a Birnin Kebbi, kuma ina yawan juya maganar. Na tambayi tsofaffi daga Ambursa har Augie, ban sami wanda ya taɓa jin tatsuniyar gafiyar nan ba. Ko dai Kaka ce ta ƙaga ta da baƙin cikin ɗanta, ko wani ne ya sa mata ita a baki. Baffa yana raye, shi yake noma fadamar, kuma in na gaishe shi yakan amsa yana duban ƙasa. Ba ni da shaida, saboda haka ban tuhume shi ba. Abin da na koya shi ne, in aka ba yara labari a gaban babba, in duba wa ake nufi ya ji.

Abin da muka rasa: gonar fadama ɗaya, tukwanen gumi biyu da Baffa ya sayar, Balki da yunwar damina ta ɗauke, da Inna.