Dambuna Ya Ga Teku

Ni na fara ganin tallar tafiyar nan, wallahi ni. Muna zaune a ofis an ɗauke wuta, ina latse-latsen waya, sai ga hoton wani tsauni tsaye kamar taɓarya a tsakiyar daji, gajimare ya naɗe masa wuya. Sao Tome, wata 'yar ƙasa mai tsibirai biyu a tsakiyar teku. Mutum takwas kacal ake ɗauka, da jagora guda, ana kwana biyu-biyu a ɗaki. Na miƙa wa aminiyata wayar na ce, "Ke, kalli inda za mu." Ta ce ita ba ta ma san da ƙasar a duniya ba. Ni na koya mata faɗin sunan.

Tun makarantar kwana muke tare da ita. Ma'aikata ɗaya ta ɗauke mu, ina Badarawa tana Malali, kuma duk abin da ya same ni ita ke fara ji, wani lokacin kafin maigidana. Da ta yi takaba, ni na tare a gidanta. Saboda haka da aka ce biyu-biyu a ɗaki, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai kwana da wa.

Mun yi fasfo, mun yi allurar shawara, na ɗinka dogayen riguna marasa nauyi. Ana saura 'yan makonni, Hajiyarmu ta zame a bayi, ƙashin ƙugunta ya karye. Yayyena maza suna Abuja da Legas, jinyarsu ta waya ce: "Yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Ni kaɗai ce mace, ni ce a gari. Tafiya ta sha ruwa.

Aminiyata ta same ni a asibiti ta ce, "In kin fasa, na fasa."

Na ce, "Haba dai! Ki je abinki, kar ki ɓata shirinki saboda ni."

Kowa ya san kara na yi. Jira nake ta ce a'a, in sake cewa ta je, ta sake cewa a'a, sannan mu rabu a kan sai wata shekarar. Haka aka saba, haka iyayenmu suke yi. Sai baiwar Allah ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, tunda kin ce." Sau ɗaya fa! Na kalle ta, na kalli ledar ƙarin ruwan da aka rataya wa Hajiya.

Gurbina kuwa wata sabuwar ma'aikaciya aka ba, 'yar Kafanchan, da aka turo sashen kuɗi ba da daɗewa ba. Abin haushin, ba ta da abin ƙi. Ga fara'a, ga ladabi, Anti take ce mini. Da ma mai baƙin hali ce da na samu abin riƙewa.

Duk da haka na yi wa aminiyata guzuri, don na san cikinta ba ya karɓar baƙon abinci. Na sayo naman cinya a Kasuwar Kawo, na dafa shi da citta da kanumfari da tafarnuwa, na kirɓa a turmi, na tsaya kan wuta ina juyawa har ya bushe ya yi wara-wara. Babbar roba na cika da dambu. Ni na kai su tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da motata, za su Abuja su hau jirgin sama. Suka zauna a baya su biyu suna lissafin kaya, ni a gaba sai ka ce direbar haya.

Ba a cire ni daga zauren da aka buɗe a waya don tafiyar ba, ni ma girman kai ya hana ni fita. Kai, na ga ta kaina! Ina zuba wa Hajiya ruwan alwala, waya ta yi ƙara: ga su a gonar koko, an fasa musu ɗanye suna tsotsa. Ina wanke fo, ta sake ƙara: ga su cikin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, aku na shawagi a kansu. Ga kunkurun teku ya kai faɗin faifai uku. Ga matan ƙauyen masunta suna rawa da ganguna, an ja aminiyata tsakiyar fili, matar da ko a bikin ƙanwarta ba ta taka ba. Ga tsaunina, wanda ni na gano, su biyu a gabansa kafaɗa da kafaɗa, sun yafa mayafi ɗaya saboda yayyafi.

Hoton da ya ƙarasa ni shi ne na bakin teku. Farin yashi, ruwa shuɗi har iyakar gani, su takwas da jagoransu zaune sun kewaye robata. 'Yar Kafanchan ta cika hannu ta ɗaga wa mai ɗaukar hoto. Aka rubuta a ƙasa, "Dambun Anti ya ceci rai." Kishi ya turnuƙe ni har na ji ɗaci a harshena. Dambuna ya ga teku, ni ban gani ba.

Hajiya na kwance tana kallona ta ce, "Wai wayar nan laifin me ta yi miki kike harararta haka?" Na ce ba komai. Ta ce, "Uhm. Ni dai ban ce a zauna saboda ni ba." Sai kunya ta haɗu da haushin, na fita tsakar gida na hau wanke kwanukan da an riga an wanke.

Da suka dawo na ce a raina, to, an gama, kowa ya koma mazauninsa. Za ta zo ita kaɗai, mu ƙule a ɗaki, ta ba ni labari har da gulmar abokiyar kwananta: ko tana minshari, ko tana daɗewa a wanka. Na ma tanadi dariyata.

Sai ga su tare, a mota ɗaya. Sun yi baƙi, sun yi kyau. Lokacin Hajiya ta fara takawa da sanda, da kanta ta fito falo ta tarbe su. 'Yar Kafanchan ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ja ƙafarta tana matsa mata, Hajiya sai sa albarka take. Aka ba ni tsaraba, cakulan da garin kofi. Labari kuwa ba ni aka ba ba, a gabana dai aka yi shi. Ɗaya ta ce, "Kin tuna kwalekwalen nan?" sai su kwashe da dariya har da hawaye. Na ce me ya faru a kwalekwalen? Aminiyata ta share ido ta ce, "Ba za ki gane ba, sai wanda ya je."

Da za su tafi na raka su bakin ƙofa. Aminiyata ta riƙo hannuna ta ce, "Af, na manta. Baɗi ma akwai wata, ɗaya tsibirin za a je. Har mun sa sunanmu, ni da ita."

Na tsaya ina jiran ta ce, ke fa?

Ta ce, "Na san ba za ki iya barin Hajiya ba, shi ya sa ban ma tambaye ki ba. Ke dai don Allah dambun nan, ki ninka mana shi."

Ta tagar falo ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandar Hajiya, tana tafiya kicin da ƙafarta. Aminiyata ma ta ji ƙarar.

Na ce, "Allah ya kai mu."