Mama Rahila, mai tsayuwa a ƙofar coci

Yau da safe ina shirin tafiya asibiti, Katikis, malamin cocinmu, ya kira ni a waya. Mama Rahila ta rasu.

Har yanzu na kasa fita.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tsohuwa ce a ɗan cocinmu na Katolika da ke bayan Tudun Wada. Ba ta da wani muƙami. Ita dai kowace Lahadi tana bakin ƙofa, tana neman fuskar da ba ta sani ba.

A nan ta tsince ni. An turo ni aikin nas ina da tsohon ciki, maigidana yana can kudu, ban san kowa ba. Na riga na yanke shawara, in aka hana ni tiransifa ajiye aikin zan yi. Wata Lahadi na raɓe a bencin baya, ina jiran a tashi Misa in sulale.

Sai na ji an riƙe min hannu. "'Yata, daga ina? Wa ya dafa miki abinci yau?"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba.

Gidanta ta ja ni, ta ajiye min tuwon masara da miyar kuka. Lahadi ta gaba ta zaunar da ni a tsakiyar matan zumuntar coci, tana faɗa min sunan kowa da irin halinta, suna ta dariya.

Da na haihu, ita ta yi min wankan jego. Maƙwabciyarta Inna Hansai, Musulma ce, ita ke aiko da kunun kanwa. Ban sake tada zancen tiransifa ba.

Ganinmu na ƙarshe, na je duba ta ne tana kwance, ƙafa ta hana ta zuwa coci. Ina auna ta tana ture min hannu.

"Bar wannan. An ce wasu masu yankan shinkafa sun sauka da iyalinsu. Kin gaishe su?"

Na ce na dai hango su.

"Hange ba gaisuwa ba ce. Je ki tambayi sunansu, ki zo ki gaya min."

Na je. Matar ɗayansu sunanta Ladi, yanzu tana cikin mawaƙan coci, 'ya'yanta suna wasa da nawa. Da na kira Mama na gaya mata, cewa ta yi, "Yauwa, yanzu kin zama 'yar gida."

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rahila, ka yafe mata kurakuranta, ka hutar da ita cikin haskenka. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

'Yan'uwa, Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a.