Mai Takalmin Fatar Mesa

Abdulwahabu, mai sayar da tarko a kasuwar Makarfi, yana duban baƙon sheƙeƙe. Mutumin na tafe da tumbi, ga takalmin fatar mesa, sai duba agogo yake kamar shi Turawa suka miƙa wa mulki. Daga gani, irin waɗanda suka banka wa fadama wuta ne suka dasa rake, ko guza da kififiya ba su bari ba.

Ya zunguri tarko da bakin takalmi. "Malam, talatin nake so. Ɓeraye sun gama mini da rake."

Abdulwahabu ya dubi takalmin, ya taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, ai mai gadin gonar ka sa a ƙafa."