Tafintar Cocin Nima

A unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai, mu Kirista ba mu taka kara mun karya ba. Yawancinmu masu gadi ne da leburori daga arewa, Farafara da Kusasi, ba sa jin Tuwi, sai Hausar zango. Ni kuwa mijina ɗan sanda ne ya kawo ni daga Najeriya, ya rasu ya bar ni da tukunyar koko da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Duk cikinmu ni kaɗai na iya karatu.

Ran Lahadi a rumfar wani kafinta muke taruwa. Don kada a ce mace ta tsaya gaban maza, sai su hau benci, ni in zauna ƙasa in karanta in yi bayani. Ba ma ce masa wa'azi, hira muke cewa. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki, na sani, amma ina son aikin nan kamar raina. Maƙwabtana Musulmi suna shan kokona, suna girmama ni, sai dai ba wanda zan yi wa zancen zuci. Lahadin nan ita ce dangina.

Ana nan sai babban coci ya tuna da mu, ya aiko mana mai bishara, saurayi sabon fitowa daga makaranta, da kwat a cikin zafin nan. Ko "sannu" bai iya ba. Da yake na tsinci Tuwi a kasuwa, sai aka ce in zama tafinta. Karo na farko ke nan da na tsaya da ƙafata a gaban jama'a.

Wata Lahadi ya buɗe wurin da aka ce mata su kame bakinsu a cikin ikkilisiya. Ya faɗa da Tuwi, ya juyo yana jirana. Da na so, da na karkatar da maganar, ba mai kama ni. Amma ban taɓa yi wa Littafin ha'inci ba. Na fassara tsaf. Mazan da na koya wa addu'a duk suka sunkuyar da kai.

Da aka tashi na tare shi, raina a ɓace.

"Malam, in na yi shiru, wa zai gaya musu abin da ka ce?"

Ya yi murmushi, wallahi ba da mugunta ba. "Mama, ai ke ba magana kike yi ba. Bakina ce ke."

Na kama hanyar gida ni kaɗai, ta bakin kwata, ina yi wa Yesu faɗa a fili kamar mahaukaciya. Da shi ban ɓata ba har yau. Na ci gaba da tafinta shekara da shekaru, kuma a cikin mazan nan babu wanda ya sake tambayata me na gani a cikin karatun.