Ranar da na jiƙa wa transfo buhu

Salamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Kun daɗe ba ku ji barkwancina ba, har wasu sun ɗauka na shiryu. Ban shiryu ba. Hannun da nake danna waya da shi ne ya kwana biyu cikin bandeji.

Ga wanda bai san ni ba, tela ne ni a garin Tawa, uban yara biyar. Na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ina ƙarami, Faransancina bai wuce na gaisuwa da faɗa ba.

Ƙanena da ke Amurka ya aiko mini da ƙarfen guga mai tururi. Aka ce wutarsu 110 ce, tamu 220, in na jona shi kai tsaye zai ƙone. Sai an haɗa da transfo, akwatin ƙarfen nan mai rage ƙarfin wuta. Na je kasuwa na zaɓi ƙarami, don shi ne mai araha. Ban tambayi nauyin da zai iya ɗauka ba. Ban ma san akwai wannan tambaya ba.

Da na jona guga, transfo ɗin ne ya fara ciwo kafin ni. Yana gurnani, yana warin roba, in ka taɓa shi kamar murfin tukunya. Ga zafin gabanin damina, ga ɗinkin babbar salla ya taru.

Kun san yadda muke yi wa bidon, jarkar ruwan sha: a naɗe shi da buhu, a jiƙa, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi. Tun ina yaro a Barmu nake ganin haka, bai taɓa ba mu kunya ba. Na ce abin da ya yi wa ruwa, ai zai yi wa ƙarfe.

Na cire buhun, na jiƙa shi sharkaf, na lulluɓa wa transfo. Har na tsaya ina yaba wa kaina.

Bayan azahar na shigo shago ba takalmi, siminti a jiƙe. Na kai hannun dama in gyara masa zama.

Hannun ya damƙe, ya ƙi saki. Ina son ihu, muƙamuƙi ya kulle. Maƙwabcina Idi mai gyaran babur ne ya leƙo. Allah ya sa bai taɓa ni ba, ya ruga ya kashe wutar shagon daga tushe.

Da na farfaɗo, ciwon ɗan kaɗan ne, fari-fari a gindin babban yatsa, da wani a tafin ƙafa. Na shafa man goge baki, na ce gobe zan koma aiki.

Uwar gidana ta dube ni ta ce: "Malam, ko ka tashi mu tai asibiti, ko in kira Inna."

Na fi tsoron Inna, mahaifiyata, a kan allura. Na tashi.

Aka manna mini wayoyi a ƙirji don duba bugun zuciya. Na ce wa likita: "Ranka ya daɗe, wayoyi ne suka kawo ni nan, a yi a hankali." Bai yi dariya ba. Ya ce: "Baba, ƙunar lantarki ƙofarta ƙarama ce, ɓarnar tana ciki." Aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi allurar tetanos, ana ta duba launin fitsarina saboda ƙoda. Ban taɓa zaton fitsarina zai samu masu kallo haka ba.

Zuciya da ƙoda suka tsira. Amma hannu ya kumbura, naman wurin ya fara baƙi. Likita ya ce za su jira su gani, in yatsan bai farfaɗo ba, sai a cire shi.

Nan barkwanci ya ƙare mini. Babban yatsan dama shi ke shiga kunnen almakashi. In babu shi, babu yanka. In babu yanka, mi zan kai gida? Ina kwance ina kallon bandeji, ina tuna yara ɗaya bayan ɗaya.

Kowace safiya a kwance bandeji, a kankare mataccen nama, a sake naɗewa. Na kira sunayen kakannina har da waɗanda ban sani ba. Ragon layyarmu kuwa a farmasi ya ƙare. Ɗinkin mutane na mayar musu ba a taɓa ba.

Inna ta zo daga Barmu duk da haka. Ta zauna, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce: "Kai wanga yaro, ƙarfen ya ce maka ƙishirwa shika ji?" Sai ta juya kai tana share ido.

Wata safiya likita ya buɗe, ya ga jan nama yana tasowa. Ya ce in motsa. Yatsan ya ɗan rusuna kamar mai gaida surukai. Ya ce: "Wannan zai zauna."

Na yi watanni ina matsa ƙwallon roba kafin ya yarda ya lanƙwashe.

Na gode wa Allah. Na gode wa Idi, da ma'aikatan asibiti, da matar da ta san wanda nake tsoro.

Ku masu kayan waje, ku ji daga wanda ya gwada. A jikin kowane kaya akwai lamba mai W, a jikin transfo ma haka. Dole ta transfo ta fi ta kayan da rata mai kyau, musamman abin da ke yin zafi. In ba ku iya karantawa ba, ku kai wa mai gyaran lantarki, shi zai duba muku har wayar ƙasa. In transfo ya yi zafi ko wari, a kashe, a zare. Iska yake so, kada a rufe shi, ruwa kuwa ko ɗigo. Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi, a kashe wutar tukuna. Kuma ko ciwon bai kai ƙwayar gero ba, a je asibiti.

Jiya na ɗauki almakashi na yanka wa autata riga. Wuyan ya karkace kaɗan. Ta saka, ta fita tana gaya wa maƙwabta babanta ne ya yanka.

Buhun yana nan. Na mayar da shi jikin bidon, inda ya san aikinsa.