Kwalaben Auta a Firigon Inna

Autarmu ce ta fita zakka a gidanmu na Garwa. Mu duka saye da sayarwa muka gada, ita kuwa ta tafi jami'a a Ngawundere ta karanci lissafi. Lissafin ma na wasu ƙwayoyin halitta ne da ke yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu, ƙananan kifaye ke cinsu. Takan zuba alamomi a kwamfuta, ita kuma ta nuna mata yadda za su ƙaru ko su ragu in duniya ta ci gaba da ɗumama. Ta ce masu binciken teku ma haka suke yi. Nakan tsokane ta in ce ko teku ba ta taɓa gani ba, amma ta ɗauki damuwar kifinsa ta ɗora wa kanta.

Lissafin ba ya tsayuwa sai an gwada shi da ruwan gaske. Don haka a ƙarshen bazara, lokacin da tafkin Lagdo ya fi ɗumi, ta yi ta bin masunta a kwalekwale tana ɗibar ruwa nan da can. Ta jera kwalaben a firigo, wato firjin Inna, mahaifiyarmu, kafin ta wuce da su makaranta. Da su za ta kammala karatunta.

Inna kuwa ba ta kwana da kwalba mai datti a gidanta. Ta buɗe firigo ta ga ruwa kore-kore, ta ɗauka sakacin yara ne. Ta tuttular a gindin darbejiya, ta wanke kwalaben tas, ta cika su da zoɓo.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Zama ta yi a kan turmi ta riƙe kai. Ruwan farko ya riga ya sauka, tafkin ya sauya, sai dai ta jira wata bazarar. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma rasa wanda zan yi fushi da shi. Can Inna ta tambayi abin da ke cikin ruwan, Auta ta yi mata bayani a hankali.

Da ta gama, Inna ta ce, "Ashe masu rai na zubar a ƙasa mai zafi."

Ba ta ba da haƙuri ba, don ba halinta ba ne. Amma zoɓon nan maƙwabta ta aika wa, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Da bazara ta zagayo, sai ta zo tare da azumi, kuma wanda ya san zafin Garwa ya san abin da nake nufi. Ranar da Auta ta dawo da sababbin kwalabe, ta tarar Inna ta kwashe komai daga firigon, har ruwan sanyinta na buɗa baki. In an ɗauke wuta, takan aika a sayo ƙanƙara ta jera wa kwalaben da hannunta.

Wata magariba na ga leɓunanta sun bushe, tana kurɓar ruwan randa mai ɗumi. Auta ta ce, "Inna, ki ɗan fasa ƙanƙarar nan ki sa a kofinki mana."

Inna ta girgiza kai. "Bar musu. Ni na saba da zafi, su kuwa kin ce shi ke kashe su."