Sauran Tuwo a Kwano

A shekarun da arzikin mai ya cika gari, ɗalibai sun yi wa ɗakunan kwanan kwalejinmu yawa, har aka kama hayar wani bene a Sabon Gari aka zuba mu ciki, mu bibbiyu a ɗaki. Abokin zamana ya fito ne daga can kudancin Afirka, daga wata ƙasa da Turawa 'yan tsiraru ke mulki. Kirista ne, mai ƙarancin magana, kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka da Turanci muke hira.

Da dogon hutu ya zo, aka ce kowa ya kwashe kayansa, za a rufe benen. Mu 'yan ƙasa muna ɗaure akwatuna, shi yana zaune a bakin gado yana kallonmu. In ya koma gida, kurkuku ke jiransa. Har yau ina tambayar kaina ko masu tsara dokar rufe benen sun taɓa tunanin inda irinsa za su kwana.

Na kai maganar ga mahaifina a Fagge, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya ce, "Baƙo ai ba a shawara a kansa. Share masa ɗakin soro."

Da yamma Inna, mahaifiyata, ta aika masa da tuwon shinkafa da miyar taushe. Maƙwabta da suka ji Alhaji ya yi baƙo daga nesa, su ma suka aiko da nasu kwanukan. Na ajiye masa na ba shi wuri, domin a gidanmu ba a tsare baƙo da ido yana cin abinci. Da na koma, kowane kwano fes.

Inna ta duba ta ce, "Yaron nan bai ƙoshi ba." A wurinmu, baƙon da ya ƙoshi yakan rage. Washegari ta ƙara malmala, maƙwabciyarmu ta sauya kwano babba. Ya sake cinyewa. Aka sake ƙarawa.

Ba a jima ba ya ce mini ya sami wani ɗakin ajiye kaya a bayan wani otal kusa da shataletalen Bata, zai koma can. Na san wurin, ko taga babu. Da Baba ya ji, sai ya ce, "Je ka tambaye shi abin da muka yi masa."

Na tambaye shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, idan na zauna, abincin nan zai kashe ni." A garinsu, in ji shi, barin ko loma ɗaya daga abin da uwa ta dafa cin fuska ne. Kullum yakan cinye da ƙyar, ya kwanta yana nishi, yana fatan gobe a rage, sai ya ga an ƙara. Ya gwammace ɗaki marar taga da ya wulaƙanta matar da ta karɓe shi.

Baba ya yi dariya har ya share hawaye. Inna, daga bayan labule, ta ce, "Ni har na jiƙa masa maganin tsutsar ciki. Gaya wa ɗana ya riƙa rage mini loma, in san ya ƙoshi."

Bai tafi ba. A ɗakin soron nan ya yi wannan hutu da duk waɗanda suka biyo baya. Sai dai hannunsa bai taɓa sabawa ba. Yakan ture loma ɗaya gefen kwano, ya rufe a hankali, ya miƙo mini, ya faɗi jumlar farko da ya haɗa da Hausa da kansa: "Ka ce Inna ta yi haƙuri."